Na-Gane da Jirgin Surukinsa

Akwai mutanen da Allah ya ba su kunne biyu lafiyayyu, amma suka mayar da su wurin maƙale fensir. Na-Gane yana cikinsu, kai, in da suna da ƙungiya shi za su ba shugabanci. Kafinta ne, shagonsa na kan gangaren da ke sauka zuwa tashar jiragen ruwa, tela a damansa, mai walda a hagunsa. Sunan nan kuwa ba iyayensa suka sa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ba ka isa ka kai tsakiyar magana ba sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane." Wata mata ta taɓa zuwa ta ce tana son gado na... ya ce ya gane, ya ƙera mata wanda sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin ya shiga. Ashe na jaririnta take nufi.

Kada dai mu zalunce shi, benci kam ya iya. In ya ƙera maka benci, jikokinka za su yi rigima a kansa. Amma abin da ya iya ɗin shi ya raina. Kullum cewa yake kansa kan injiniya ne, rashin dama ce ta tsayar da shi a zarto da guduma. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne surukinsa, uban matarsa, wanda yau shekara goma sha biyu bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai benci".

Surukin nan babban mutum ne a shekaru, babban mutum ne kuma a jiki, in ya taka katakon tasha sai ka ji yana kuka. Yana da jirgin katako mai inji, shekara ashirin yana tsallakar da mutane, kuma shi ke riƙe da layi na farko, inda fasinja ke fara tsayawa. Sau ɗaya a shekara mai duba jirage yakan zo. Jirgin da ya faɗi a gwaji, a mayar da shi ƙarshen layi, can kusa da juji, inda ba mai zuwa sai awaki.

Ran Litinin da hantsi, Na-Gane na cikin yankan katako sai ya ga shagon ya yi duhu. Ya ɗaga kai, ashe suruki ne ya cika ƙofa.

"Mai benci."

Ya yar da zarto ya rusuna. "Barka da zuwa, Baba. Bari a kawo kujera."

"Bar ta, mota ke jirana. Zan je duba ƙanwata, sai Alhamis da safe zan dawo, ranar ce kuma mai duba jirage zai zo. Ina da ɗan aiki a jirgi."

A jirgi! Daɗi ya kama Na-Gane. Shekara goma sha biyu yake jiran wannan rana.

Suruki ya ce, "Jirgin nan yana karkata hagu, yana kuma ɗaga hanci sama, in na..."

"Na gane, Baba."

"Tsaya mana. Na ce in na..."

"Wallahi na gane. Karkata da ɗaga hanci. Ai tun bara nake lura da shi, kunyarku ce ta hana ni magana."

"Abin da nake so ka yi shi ne ka..."

Direba ya danna hon a bakin titi, ya sake dannawa.

"Ku tafi kawai, Baba, kada mota ta bar ku. Kafin ku dawo, ba za ku gane jirgin nan ba."

Tsohon ya dube shi, ya dubi mota, ya yi ajiyar zuciya ya wuce. Cikin duk alkawuran da Na-Gane ya taɓa yi a rayuwarsa, wannan ne kaɗai ya cika ba ragi.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar ya share teburin aiki yana zane a bayan kwali, ya ja layuka da kibiyoyi har da alamar tambaya.

"Baban yara, me Baba ya ce ka yi?"

"Gyara. Babban gyara. Ke dai ki shirya zama matar injiniya."

"Na ji. Amma da bakinsa me ya ce?"

"Ya ce jirgi na karkata."

"Sai kuma me?"

"Sai kuma na gane."

Ta ajiye kwano a hankali. "Ka dai bari ya ƙarasa kuwa?"

"Mai hankali ba ya jiran a ƙarasa."

"Ga waya nan, ka kira shi mana. Minti ɗaya ne."

"In kira shi? Ya ce mai benci bai gane ba? Ke ma kin san ba zan yi ba. Kuma ke ma kada ki kira, ba-zata zan yi masa."

Ta ce, "Ba-zata kam zai gani." Ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Kafin la'asar ya tara majiya ƙarfi sun jawo jirgin zuwa tudu, suka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi a gefen gangare. Mai walda ya taya shi sauke injin. Tela ya rufe shago ya ɗauko kujerarsa ya zauna, ya ce ɗinki zai jira, wannan kallon ba zai jira ba.

Na-Gane ya zagaya jirgin sau biyu hannu a baya. Ya tsaya a gindinsa, ya ƙwanƙwasa allon baya, wato kakkauran katakon nan da ake rataya inji a kansa, wanda shi ke tare ruwa daga baya. Tsayinsa ya fi kamu guda. Ya ɗauko ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsakiya ya ɗora a kai. Ɗigon ya gudu gefe ɗaya ya lafe.

"Kun gani? Ga ciwon nan. Shekara ashirin ba wanda ya gano, ni kallo ɗaya na yi. Jirgi da tebur duk ɗaya ne. In tebur yana rawa, me ake yi?"

Tela ya ce, "A sa masa takarda a ƙarƙashi."

"Wannan aikin ragwaye ne. A rage ƙafar da ta yi tsawo!"

"Af, kamar teburin da ka yi min bara? Da aka fara ragewa a tsaye nake yanka yadi, yanzu 'yar autata ke zama a kansa tana cin abinci."

"Wancan laifin daɓen shagonka ne."

Ya sa zarto ya yanke inci guda daga gefen da ya yi sama. Yana yanka yana danna jirgin da gwiwa, taya ɗaya ta lotsa ba tare da ya lura ba. Ya sake ɗora ma'auni, ɗigon ya gudu ɗaya gefen.

"Ya ɗan zarce. Ƙaramin abu ne."

Ya koma can ya rage. Wannan tayar ma ta lotsa. Ɗigon ya dawo inda ya fito.

Ana cikin haka sai ga tsohon mai gyaran jirage, wanda ake kira Mai Kwalta don hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Ya tsaya ya dubi jirgin, ya dubi tayoyin, ya dubi gangaren.

"Ɗana, ƙasar da ka ɗora jirgin nan ai ba..."

"Na gane, Baba Mai Kwalta, na gane. Ku na da ne, mu na yanzu."

Tsohon ya ce, "To, madalla." Ya nemi inuwa kusa da tela ya zauna shi ma.

Rage nan, rage can, har rana ta yi sanyi. Siraran katako suka taru a ƙasa. Lokacin da ɗigon ya gaji ya tsaya a tsakiya, allon da ya fi kamu bai wuce taƙi ɗaya da yatsa biyu ba. Na-Gane ya ja da baya ya dube shi, gabansa ya ɗan faɗi, don ko shi ya ga abin ya yi gajarta. Amma idanu sun yi yawa a kansa, sai ya share gumi ya ce, "Dama haka na tsara. An rage nauyin baya, hanci zai sauka. Kimiyya ce."

Mai walda ya ce, "Ruwa ya san kimiyya kuwa?"

"Zai koya."

Ran Talata ya zo da sabuwar dabara. Ya ce ya lura da takalmin mata: in dunduniya ta ɗaga, mai takalmin sai ta duƙa gaba. Don haka zai sa wa jirgi dunduniya, katako biyu a ƙarƙashin gindinsa, na hagu ya fi na dama kauri, ya kashe ɗaga hanci da karkata a lokaci guda. Aka sake tara mutane aka kife jirgin. Wajen kifewa tsohon bencin da ke ciki, wanda suruki ke zama a kai a kusurwar baya, ya ɓalle ya rabu biyu. Na-Gane ya shure shi gefe ya ce dama aikin banza ne.

Ya tsaya a gindin kifaffen jirgi, katako mai kauri a hannu. Mai kifi, wata mata mai tallar kifi a bakin tashar da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, ta sauke tirenta ta ce, "Injiniya, wane gefe za ka sa mai kaurin?"

Kalmar "injiniya" ta yi masa daɗi har bai ji ba'ar da ke ciki ba. "Hagu mana."

"Hagun wa?"

"Hagu ai hagu ne."

"Na jirgi a zaune, ko na jirgi a kife? Don ni in na kifa tire, abin da ke nan sai ya koma..."

"Na gane. Ki tsaya ga kifinki."

Ya ɗaga hannayensa biyu ya duba wanda ba ya cin abinci da shi, ya kafa katakon a wannan gefen. Ƙusoshin da ya samu 'yan inci shida ne, katakon jirgi kuwa bai kai biyu ba. Ya buga sha biyu a nan, sha biyu a can. Da aka mayar da jirgin daidai sai ga tsinin ƙusoshi sun tsiro a ciki reras. Ya zare rabinsu ya sake bugawa a karkace, ya bar ramuka. Ramukan ya cike su da gam ɗin kujera da garin katako, ya shafe da babban yatsa har suka yi sumul.

Mai Kwalta ya yi gyaran murya. "Wannan gam ɗin, in ya ji ruwa..."

"Na gane."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Shi ya sa na ce na gane, don in hutar da ku."

Tela ya yi dariya har sai da ya riƙe ciki. Ya ce da Mai Kwalta, "Baba, ku daina ɓata yawunku. Ranar ɗaurin aurensa ma ba a gama tambayarsa ba ya ce ya gane."

Ran Laraba ya dubi jirgin ya ga kamar har yanzu hancin na da girman kai. Ya shiga shagon mai walda ya aro wata tsohuwar tukunyar gas da ta huje, ya ɗura mata yashi har wuya, mutum uku suka ɗaga ta suka kwantar a can gaba.

Mai walda ya ce, "Ka dai ɗaure ta, don abu ne mai..."

"Nauyinta ya ɗaure ta."

Sai da la'asar ya tuna jirgin ba wurin zama. Ya koma shago yana tsaki, yana cewa injiniya guda an mayar da shi aikin yara. Ya jawo katako busasshe mara nauyi, bai auna sau biyu ba, bai yi zane ba, bai yi wa kowa jawabi ba. Bakinsa na mita, hannunsa na aikin da ya sani. Ya fafe, ya haɗa, ya goge, kafin awa guda benci ya tsaya da ƙafarsa, ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa kuma ko girgiza ba ya yi. Ya kai shi jirgi zai kafa, ya laluba aljihu ya ga ƙusoshi sun ƙare, duk sun tafi a dunduniya. Ƙusa huɗu kacal yake buƙata. Ya ajiye bencin a tsakiyar jirgi haka nan, ya ce gobe ma rana ce.

A gida matarsa ta ce, "Na biyo ta tasha. Baban yara, jirgin Baba ne wancan, ko ƙaninsa?"

"Gobe za ki ji abin da Baba zai kira ni."

"Ni ma abin da nake tsoro ke nan."

Alhamis tun da safe tasha ta cika. Labari ya zaga, har waɗanda ba su da niyyar tsallake ruwa sun zo da kujerunsu. An mayar da jirgin ruwa, an rataya injin, wanda yanzu ya nutse har kusan wuya. Na-Gane ya sa wankakkiyar riga, fensir biyu a kunne, ya hau kan wani duro yana bayani.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin gyara da kwaskwarima. Jirgin nan, in ka ɗora kofin ruwa a hancinsa, ka je ka dawo ko ɗigo ba zai zube ba!"

Mai kifi ta ce, "Kofin zai ƙaru ma!"

Mai duba jirage ya iso, siririn mutum mai tabarau da fararen kaya, fayil a hammata. Dokarsa ɗaya ce: kowane jirgi ya ɗauke shi zuwa jan duron da aka ɗaure can tsakiyar ruwa, ya zagayo ya dawo da shi a bushe. Yana buɗe fayil sai ga suruki ya sauko daga mota da jakarsa. Mutane suka dare suka ba shi hanya.

Tsohon ya tsaya a bakin ruwa ya daɗe yana kallo.

"Mai benci, ina jirgina?"

"Ga shi nan, Baba."

"Wannan na gani. Ina sauransa?"

Tela ya nuna tarin siraran katako a gefen gangare. "Ga shi can, Baba, an jera muku shi."

Suruki ya buɗe baki, amma mai duba jirage ya riga shi. "Layi na farko! Ko a shiga yanzu, ko in rubuta bai zo ba."

Bai zo ba, ma'anarsa juji da awaki. Tsohon ya miƙa wa 'yarsa jaka, ya yi bismilla ya taka. Da ya tsuguna a kusurwar baya ya kama hannun inji, abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin allo bai fi yatsa biyu ba. Mai duba jirage ya zauna a sabon benci ya ɗora fayil a cinya. Na-Gane ya shiga ya zauna kusa da shi, yana ɗaga wa jama'a hannu. Shi dai bai taɓa tuƙa jirgi ba, ko iyo ma bai iya ba, amma wannan bai taɓa shiga lissafinsa ba.

A ja na uku inji ya tashi. Jirgi ya motsa, hancinsa ya duƙa kamar saniya za ta sha ruwa, ya kwaso ruwan ya watsa wa mai duba jirage a tabarau.

Na-Gane ya ce, "Kun gani, ranka ya daɗe? Hanci ya sauka!"

"Na ji a jikina."

Daga nan dunduniya ta fara aikinta. Maimakon ta gyara karkatar, sai ta ƙara mata, don a gefen da bai kamata ba take. Jirgi ya kwanta hagu ya kama juyawa. Suruki ya ja hannun inji iya ƙarfinsa, jirgi ya ce bai san zance ba. Suka yi da'ira suka wuce ta gaban tasha.

Mai kifi ta ɗaga murya, "Sannunku da zuwa!"

Suka sake juyawa.

"A sauka lafiya! A gaida mutanen tsallake!"

Suka sake dawowa.

"Kai, har kun dawo? Ya hanya?"

Dariya ta kece, har mai walda ya zauna a ƙasa. Jan duro kuwa yana can nesa abinsa, ko kusa da shi ba su je ba.

A zagaye na uku Na-Gane ya ji sanyi a tafin ƙafa. Ya duba, gam ya jiƙa ya saki, ruwa na tsartuwa ta ramukan ƙusa siri-siri. Cikinsa ya ɗuri ruwa tun kafin na jirgin ya cika. Ya danne ɗaya da babban yatsan ƙafa, ya danne wani da ɗayan, ya duƙa ya sa hannu biyu, ramuka suka fi yatsunsa yawa.

"Ranka ya daɗe, don Allah ku ɗan taka wancan."

Mai duba jirage ya ce, "Ni dubawa na zo yi, ba toshewa ba." Amma ya taka.

Suruki ya ga in ba a miƙe ba za a wuni ana zagaye, sai ya murɗa wa inji wuta. Hanci ya ɗan ɗaga. Tukunyar gas, wadda nauyinta ya ɗaure ta, ta yi juyi ɗaya, ta yi na biyu, ta taho gungurun-gungurun. Na-Gane da mai duba jirage suka ɗage ƙafafu, ta bi ta ƙarƙashin benci ta je ta daki allon baya. Hancin jirgi ya miƙe ya kalli sama, ɗagawar da bai taɓa yin irinta ba a shekara ashirin.

"Baba, a kashe! A kashe!"

Tsohon ya kashe inji. Jirgi ya tsaya cak, amma ruwan da ya taso a bayansu bai tsaya ba. Ya iso, ya tarar da allon da a da yake tare shi ya koma taƙi ɗaya, ya tsallako ba ko sallama. Na biyu ya biyo shi. Jirgi ya zauna da gindi a hankali, ba hayaniya, ya nutse.

Allah ya taimaka, duk zagayen nan ba su bar bakin gaɓa ba, ruwan iya ƙirji ne. Na-Gane ya yi ta ihu yana dukan ruwa yana kiran a cece shi, sai da matarsa ta ƙwala masa kira daga tudu, "Baban yara, ka miƙe tsaye mana!" Ya miƙe, ya ga ashe ƙafarsa na ƙasa.

Abu ɗaya ne bai nutse ba. Bencin, da yake ba a kafa shi ba, ya taso sama abinsa, mai duba jirage ya rungume shi da hannu biyu, fayil ɗinsa na bisa ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Majiya ƙarfi suka faɗa ruwa suka ciro injin tukuna, don shi ne ran jirgi. Suruki bai motsa ba. Yana tsaye ruwa iya ƙirji, hularsa na yawo a gefensa, ya zuba wa Na-Gane ido. Kowa a tasha ya matso.

"In na zauna ni kaɗai a kusurwar baya," in ji tsohon.

Na-Gane ya yi wuƙi-wuƙi. "Na'am, Baba?"

"Maganar ran Litinin nake ƙarasawa. Jirgin yana karkata hagu, yana ɗaga hanci, in na zauna ni kaɗai a kusurwar baya. Don kana gani, ni ba ƙaramin mutum ba ne. Jirgi lafiyarsa ƙalau, ni ne na yi nauyi. Cewa zan yi ka matsar min da benci zuwa tsakiya, ka ƙara wa hannun inji sanda. Ƙusa huɗu. Duk garin nan ba wanda ya kai ka iya benci, shi ya sa na tako har shagonka. Ka gane?"

Bakin Na-Gane ya buɗe da kansa, don ya saba. Amma kafin ya furta, tela da mai walda da mai kifi da duk wanda ke tashar suka haɗa baki suka amsa masa, "Na gane!"

Dariyar ba ta dame shi ba kamar maganar tsohon. Duk garin nan ba wanda ya kai ka. Shekara goma sha biyu yana jiran jin irin wannan daga bakin nan, ashe ran Litinin ta taho, shi ya tare ta a hanya. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ruwan ya fi haka zurfi. Ya rufe bakinsa, ya haɗiye, ya ce a hankali, "Akwai saura, Baba?"

Suruki ya sake dubansa, don bai taɓa jin wannan tambaya daga gare shi ba.

"Akwai."

Saura kuwa akwai ta da yawa. Tsohon ya faro daga allon baya, ya bi ta dunduniya, ya sauka kan tukunyar gas, ya koma har kan gadon jaririn nan. Na-Gane na tsaye a ruwa, fensir ɗaya ya tafi, bai katse shi ko sau ɗaya ba. Matarsa ta ce tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa ganin an yi masa jimla uku a jere ba sai ranar.

Mai duba jirage, da aka jawo shi tudu a kan benci, ya goge tabarau ya buɗe busasshen fayil ɗinsa ya rubuta yana karantawa a fili. "Jirgin layi na farko: ban same shi a saman ruwa ba, don haka ban duba ba. Zan dawo Alhamis mai zuwa." Ya ɗaga kai. "Albarkacin bencin nan ne. Wa ya ƙera shi?"

Suruki ya nuna da haɓa. "Mijin 'yata. Mai benci."

Mai Kwalta ya ce kwana biyar sun ishe shi ya sa sabon allo ya toshe ramuka da kwalta, amma da sharaɗi: wanda ya yanke shi zai riƙe masa katako, kuma ba zai taɓa zarto ba. Haka aka yi. Alhamis ta zagayo, jirgi ya je jan duro ya dawo a miƙe, tsohon na zaune daram a tsakiya bisa benci mai ƙusa huɗu, layi na farko bai bar hannunsa ba.

Sunan ne dai ya nutse tare da dunduniya. Yanzu in ka gangara tasha ka tambayi shagon Na-Gane, ba wanda zai nuna maka. Ka ce Akwai-Saura kake nema. Za ka same shi tsakanin tela da mai walda, benci jere a ƙofa. Ka faɗi abin da ya kawo ka, amma ka shirya, don ko ka gama ba zai ɗauki zarto ba. Zai tsaya yana kallonka, leɓensa na rawa, har sai tela ya leƙo ya ce, "Ya ƙarasa, malam, kana iya ganewa yanzu."